Hannun Yaya

A gidan burodin kowa Yaya yake ce mata, har Manaja da ya girme ta. Sunan ya bi ta ne daga bakin ƙaninta Auta, mai gyaran wutar gidan, wanda ko a saman tsani yake sai ya ƙwala mata kira, "Yaya, miƙo min filaya!" Ita ce ma ta samo masa aikin tun yana neman inda zai dafa, daga nan mai gidan ya damƙa masa wutar sauran rassansa gaba ɗaya.

Aikin safe ne a hannunta. Tun gari bai waye ba take shigowa, ta ɗaura ƙyallen aiki, ta danna kwaɓin da ya kwana da yatsa ta ji ko ya tashi, sannan ta kunna babban tanderun lantarki mai hawa uku da ya cinye rabin ɗakin gashi. Kafin motocin rabo su jeru a ƙofar baya, burodi ya fito har ya huce. An yi shekaru a haka, babu wanda ya taɓa jin kanta da kowa.

Sai tanderun ya ɗauko wani hali. A bangon lungu akwai akwatin wuta, a cikinsa akwai bireka, makunnin nan da ke faɗuwa da kansa ya katse wuta idan ya ji abin da bai yarda da shi ba. Yaya za ta kunna tanderu, ya fara ɗumi, sai a ji ƙas! Fankar tanderun ta tsaya, fitilar ciki ta mutu. Ta je ta ɗaga bireka, ya ɗan jima, ya sake faɗuwa. Haka za su yi ta kokawa har rana ta fito, sannan ya haƙura ya zauna. Kafin nan kwaɓi ya wuce lokacinsa, ya kumbura ya zube, ya fara tsami. Direbobi na danna oda a waje, masu shaguna na kiran Manaja a waya.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, da yamma tanderun lafiya lau yake. Dogo, mai riƙe da aikin yamma, ba ya gajiya da faɗin haka.

"Ni dai ko tari bai taɓa yi min ba," in ji shi, yana goge hannu a cinya. "Yaya, ko dai kin taɓa zaginsa ne? Ki ba shi haƙuri mana."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi yaƙe, don kada a ce ba ta san wasa ba.

Aka kira Auta. Ya zo da rana tsaka, lokacin da tanderu ya gama aikin safe yana huci. Ya kashe wuta daga akwati, ya kwance murfin gefe, ya fito da mitarsa ta gwaji. Ya cire wayar fanka ya gwada, lafiya. Ya gwada fitilar ciki, lafiya. Ya bi ƙarafan zafi, sandunan nan da ke yin ja su gasa burodi, hawa bayan hawa, yana cire wayar kowanne yana duba ko wuta na zurarewa zuwa jikin tanderu. Babu wanda ya nuna komai. Ya matse kusoshin da suka yi sako-sako, ya busa ƙurar fulawa, a ƙarshe ya ce ƙila birekan ne ya tsufa ya zama matsoraci. Ya sa sabo.

Washegari sabon ya faɗi kamar yadda tsohon yake faɗuwa.

Da Auta ya dawo, Manaja ya tsaya a kansa, hannu a aljihu, har ya gama gwajin daga farko. Mita ba ta canza magana ba.

"To mene ne?" in ji Manaja.

Auta ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, na'ura ba ta ƙarya. Komai ƙalau yake. Sai dai ko yadda ake kunna shi ne da safe. In aka ɗora masa hawa ukun lokaci guda, yana iya jin nauyi."

Bai ko kalli inda Yaya take tsaye ba. Ta san ba da mugunta ya faɗa ba, neman abin cewa yake kada ya tashi hannu rabbana. Amma ta ga yadda Manaja ya juyo ya dube ta, ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka tabbatar wa abin da ya daɗe yana zargi.

Tun daga ranar ta shiga sauya hannu. Ta kunna hawan sama shi kaɗai, ta jira, ta ƙara na tsakiya. Ta fara daga ƙasa. Ta kashe injin kwaɓi da firji kafin ta taɓa tanderu. Ta riƙa zuwa da wuri fiye da da, ta tsaya a gabansa tana addu'a kamar mai jinya. Wata safiyar ya bar ta, ta fara murna, washegari ya rama har da ƙari. Masu jera tire suka daina yi mata wasan a fuska, suka koma yi a bayanta, wanda ya fi ciwo.

Ranar da aka zubar da kwaɓi cike da baho biyu, Manaja ya kira ta ofis. Bai ce ta zauna ba.

"Yaya, ba wanda ya ce ba ki yi wa gidan nan aiki ba. Amma mai gida ya gaji. Jibi ranar wanke-wanke ce, ba gashi. Daga gata Dogo zai karɓi safe. Ke za ki koma ɗakin ƙunshi."

Ɗakin ƙunshi nan ake sa sababbin zuwa, su zura burodi a leda su ɗaure.

"Yallaɓai, ni na koya wa Dogo yadda ake gane kwaɓi ya tashi."

"Na sani. Shekaru ne, kowa suna zuwa masa. Hannu yakan canza mutum bai sani ba."

Daga wurin aiki ba ta nufi gida ba, gidan Auta ta wuce, inda mahaifiyarsu take zaune tare da shi da matarsa. Ta same shi a tsakar gida yana warware wata tsohuwar fanka.

"Gobe da asuba za ka biyo ni," ta ce.

"Haba Yaya, na gwada abin nan har na gaji."

"Da rana kake gwadawa, yana da zafi. Ni da sanyinsa yake yi min. Ka zo ka gan shi a lokacin da yake yi. In ka duba ba ka ga komai ba, na yarda hannuna ne."

Ya dubi fuskarta, ya ce to.

Ya zo, idonsa cike da barci, yana ƙunƙuni. Ba kowa a ɗakin gashi sai su biyu, tanderu ya kwana a kashe, jikinsa sanyi ƙalau. Ya gwada fanka, lafiya. Hawan sama, lafiya. Na tsakiya, lafiya. Da ya ɗora mita a kan ƙarfen zafi na hawan ƙasa, sai ya tsaya. Ya cire, ya goge bakin wayar a rigarsa, ya sake ɗorawa. Barcin ya washe daga idonsa.

"Yana zurarwa," ya ce. "Wannan ne. Wuta na bi ta jikinsa tana shiga ƙarfen tanderu, shi ya sa bireka ke faɗuwa."

Yaya ta dafa tebur.

"Me ya sa da rana ba ya nunawa?"

"Danshi ne. Ruwa ke shigarsa in ya huce. In ya yi zafi ya bushe, sai ya koma kamar lafiyayye. Amma daga ina ruwan?"

Suka haɗa ƙarfi suka ja tanderun daga jikin bango, ƙafafunsa na kuka a kan siminti. Auta ya kutsa ta bayansa, ita ta haska masa da fitilar waya. Can ƙasa, inda wayoyi ke haɗuwa da gindin ƙarfen zafi, akwai ɗan murfi da ya kamata a ce yana rufe ruf da roba a bakinsa. Murfin na lilo a kan kusa ɗaya, robar babu ita. Daidai samansa siririn bututun da ke kai ruwan tururi ya bi, kuma a mahaɗarsa wani ɗigo ya taru, ya yi nauyi, ya faɗo a kan wayoyin suna kallo. Wurin ya yi kore da tsatsa, da farin gishiri-gishiri kamar bakin tsohuwar buta.

An naɗe wayoyin da shuɗin salatif, naɗi mai kyau, an lanƙwasa bakinsa ciki. Yaya ta san naɗin nan. Shi ne a jikin wayar dutsen gugarta, shi ne a jikin rediyon mahaifiyarsu.

Wani ɗigon ya sake taruwa.

"Kwanakin baya da ƙarfen ƙasa ya ƙone, kai ka canza shi," ta ce.

"Ni ne."

"Ka kwance bututun nan?"

"Sai an kwance shi hannu ke shiga." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ana ta kira na a wani reshe ranar. Na ce zan dawo in sa robar in ƙara matse shi. Wallahi Yaya, shaf na manta."

Ta yi zaton za ta ji haushi, sai ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Ba hannunta ba ne. Har ta kusa yin dariya.

"To alhamdu lillahi. Manaja na zuwa ka nuna masa."

Ya fito daga bayan tanderun, gwiwoyinsa sun yi fari da fulawa. Ya tsaya a gabanta ya yi tsuru-tsuru, kamar lokacin da yake ƙarami in ya fasa abu.

"Yaya, in mai gida ya ji aikina ne ya jawo asarar nan duka, ba nan kaɗai zai kore ni ba. Duk rassan zai karɓe. Kin san Inna na wurina, ga mai ɗakina ta yi nauyi."

"Ni kuma fa?"

"Ki ba ni zuwa gobe. Gobe ba gashi, dama zan zo duba wayoyi. In sa sabon ƙarfe, in sa roba, in matse bututu. Sai in sami Manaja in ce na gano ruwa ne ke shiga."

"Ba sai ka ce kai ne ba. Ka ce bututu ne ya yi yoyo, ai bututu na yoyo. Ni dai ka ce an sami matsala a jikin tanderu, ba a hannuna ba. Shi ke nan abin da nake so."

"Zan faɗa. Na yi miki alkawari."

Suka mayar da tanderun jikin bango kafin masu jera tire su iso. Kafin nan Auta ya goge wayoyin, ya ɗaure mahaɗar da tsumma, amma ya ce ruwan ya riga ya shige cikin ƙarfen, sai dai ta lallaɓa. Ranar ma bireka ya faɗi, Manaja na tsaye a bakin ƙofa. Yaya ta je ta ɗaga shi ba tare da ranta ya ɓaci ba. Har ta yi wa Manaja murmushi, abin da ya sa ya dube ta da mamaki.

Ranar da Dogo ya karɓi safe, ita ma ta zo da wuri, ta shiga ɗakin ƙunshi. Bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin gashi. Ta ji Dogo ya kunna hawa ukun lokaci guda, yana fito da baki. Ta ji fanka ta ɗauka. Ba ƙas, ba komai. Ƙamshi ya cika gidan a kan lokaci, motoci suka tashi ba wanda ya danna oda. Masu jera tire suka yi wa Dogo tafi.

Sai a lokacin ta ga abin da gyaran ya yi mata. Ranar da aka cire hannunta, ranar tanderu ya warke. Amma ta ce a ranta ba komai, Auta ya riga ya yi magana jiya, yanzu za a kira ta.

Ba a kira ta ba. Ta ɗaure leda har azahar, sannan ta wanke hannu ta je ofis da kanta.

"Yallaɓai, Auta ya same ka jiya?"

"Ya same ni."

"Me ya ce?"

"Ya ce ya sake bin komai, ya share ƙura, bai ga wani abu ba." Manaja ya ajiye biro. "Kin dai ji da kunnenki yau. Ban so abin ya zama haka ba, amma kin ji."

Ta juya ta fita.

Da yamma ta je gidan Auta, ta same su suna cin abinci. Matar Auta ta gaishe ta, ta ga yanayinta, ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki. Auta ya tsame hannu.

"Na je zan faɗa, Yaya. Wallahi na je. Ina fara cewa bayan tanderu, sai ya ce wa ya taɓa buɗe bayan in ba ni ba. Ba wanda ke taɓa shi sai ni, kowa ya sani. In na ce bututu, zai ce wa ya kwance bututu."

"Sai ka ce ƙura."

"Ki ba ni lokaci. In abin ya lafa zan san yadda zan yi a mayar da ke."

"Ta yaya? Za ka sake kwance bututun ne ya faɗo wa Dogo?"

Ya sunkuyar da kai.

Inna ta gyara zama. Ashe ya riga ya gaya mata.

"Ke babba ce," ta ce. "Ba korarki aka yi ba, aiki aka canza miki. Shi in aka kore shi, gidan nan gaba ɗaya aka kora. Ki rufa wa ɗan'uwanki asiri, Allah zai rufa miki."

"Inna, cewa ake yi na tsufa, hannuna ya lalace. Yaran da na koya wa aiki suna yi min dariya."

"Dariya ba ta kisa. Tun yana goye kike ɗaukar nauyinsa, yau ne zai gagare ki?"

Yaya ta dubi mahaifiyarta, ta dubi ƙaninta da ke wasa da cokali. Ta lura ba wanda ya ce ta zauna ta ci abinci, ba don rowa ba, sun manta ne kawai. Ta yi musu sai da safe.

Ta yi kwanaki tana juya abin. Tsohon ƙarfen Auta ya tafi da shi, bayan tanderu yanzu tsaf yake, roba sabuwa, bututu a bushe. In ta yi magana, maganarta ce kawai, maganar matar da aka sauke daga aiki, a kan ƙaninta. In kuma aka yarda da ita, ta san Auta zai rasa aikinsa, Inna ta rasa inda take zaune, ta kuma san abin da dangi za su riƙa faɗa duk inda ta shiga. Duk da haka wata rana da Manaja ya leƙo ɗakin ƙunshi yana duba ledoji, ta ji maganar ta taso mata har wuya.

"Yallaɓai, game da tanderun nan. Da ma a ce an duba bayansa da sanyin safiya..."

"Yaya, a bar maganar nan haka." Ya ɗaga wani burodi ya duba ɗaurin, ya mayar. "Ƙaninki ya duba gaba da baya. Kuma bari in gaya miki, yaron nan ya burge mai gida. Wani ne da ya ƙirƙiro wata matsala ya ɗora wa tanderu don ya wanke yayarsa. Shi ko ya tsaya a kan gaskiya, ko da a kanki ne. Irinsu ba su da yawa. Mai gida ya ce sabon reshen da za a buɗe ma shi zai ja wutarsa. Ya kamata ki yi alfahari da shi, ke kika raine shi."

'Yan matan da ke ƙunshi tare da ita suka ɗago suna jiran abin da za ta ce.

"Ni na raine shi," ta ce.

Manaja ya gyaɗa kai, ya gamsu, ya wuce.

Ba ta bar aikin ba, don ba ta da wani. Ta iya ɗaurin leda har ta fi 'yan matan sauri. In Dogo ya leƙo yana tambaya ko kwaɓin nan ya yi, takan danna ta gaya masa, don ba ta iya ganin kwaɓi ya lalace. Gidan Auta kuma tana zuwa gaida Inna, amma sai ta daidaici ba ya nan. Duk ranar da ya zo duba wutar gidan burodin, yakan tsaya a ƙofar ɗakin ƙunshi da jakar kayansa a kafaɗa, ya ce, "Yaya, ina wuni?" Ita kuma ta ce, "Lafiya lau, mai gyara," ta miƙa hannu ta ɗauki leda ta gaba. Yakan ɗan jima a tsaye, sannan ya tafi.